Yanka da Ƙa'ida: Yadda Ƙwayoyin B Ke Sarrafa Gadon Garkuwar Jiki

Jikin ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke ba da umarnin ƙera furotin, kuma da su ake yin komai, daga ƙashi da tsoka har ido da ƙwaƙwalwa. Amma wannan jikin yana iya ƙera antibodi, wato furotin ɗin da ke gane baƙon abu ya manne masa, iri daban-daban har biliyoyi. Akwai mai kama ƙwayar ƙyanda, akwai mai kama dafin kububuwa, akwai ma wanda zai dace da ƙwayar cutar da ba ta ɓulla a duniya ba tukuna. Karl Landsteiner, wanda ya gano rukunan jini, ya nuna a shekarun 1920 da 1930 cewa zomo na yin antibodi har ga sinadaran da aka harhaɗa a ɗakin gwaji, waɗanda kakannin zomo ba su taɓa karo da su ba. Lissafin ya ƙi fita. Ta yaya umarni 20,000 zai haifi biliyoyi?

A 1965 William Dreyer da Claude Bennett suka kawo shawarar cewa umarnin antibodi a rarrabe yake, sai an haɗa guntayensa kafin ya yi aiki. Mutane kaɗan ne suka gaskata, domin abin da aka yarda da shi a lokacin shi ne DNA ɗin kowace ƙwaya a jiki iri ɗaya ne, ba ya canjawa. A 1976, a birnin Basel na Suwizalan, Nobumichi Hozumi da Susumu Tonegawa suka kwatanta DNA ɗin tayin ɓera da na ƙwayar da ke zubar da antibodi, suka tarar guntayen da ke nesa da juna a tayin sun zama maƙwabta a ɗaya ƙwayar. An yanke zaren DNA ɗin, an sake haɗa shi. Wannan aiki ne ya ba Tonegawa kyautar Nobel a 1987.

Sai dai amsar ta zo da tambayar da ta fi ta nauyi. Tsinkewar zaren DNA gida biyu tana cikin mafi haɗarin abubuwan da ke samun ƙwaya, domin ita ce ƙofar mutuwarta ko rikiɗarta sankara. Ga shi kuwa ƙwayoyin B, masu ƙera antibodi, da ke tasowa a ɓargo, miliyoyinsu a kowace rana, da gangan suke tsinke nasu. Me ke hana abin zama bala'i? Binciken shekara kusan 50 ya nuna cewa sa'a ce ke kawo yawan nau'o'in antibodi, amma ƙa'ida ce ke sa a tsira: a wace ƙwaya za a yanka, a wane wuri, da wane jeri, a wane lokaci, da kuma yaushe za a daina.

Abin da ake yankawa

Kowane antibodi yana da manyan sarƙoƙi biyu da ƙanana biyu. Umarnin babbar sarƙa yana kan kuromosom na 14 a jikin mutum. Ƙaramar sarƙa iri biyu ce: kafa, a kuromosom na 2, da lamda, a na 22. A yankin babbar sarƙa akwai guntaye masu aiki kusan 40 da ake kira V, kusan 23 da ake kira D, da 6 da ake kira J. Ƙwayar B takan ɗauki ɗaya daga kowane rukuni ta haɗa, ta zubar da abin da ke tsakaninsu. Ƙaramar sarƙa ba ta da D, V da J kawai ake haɗawa. Idan aka ninka 40 da 23 da 6 za a samu babbar sarƙa fiye da iri 5,000. A haɗa da ƙananan sarƙoƙi iri ɗari uku da 'yan kai, adadin ya doshi miliyan biyu.

Masu yankan furotin biyu ne, RAG1 da RAG2, waɗanda David Schatz da Marjorie Oettinger suka gano a ɗakin binciken David Baltimore a 1989 da 1990. Ba ko'ina suke sara ba. Kowane guntu yana da alama a gefensa: haruffan DNA bakwai, sai tazara, sai wasu haruffa tara. Tazarar ko dai haruffa 12 ce ko 23, kuma RAG ba ya haɗa guntaye biyu sai ɗaya na da 12 ɗaya na da 23. A babbar sarƙa V da J duk masu 23 ne, D kuwa yana da 12 a ɓangarorinsa biyu. Saboda haka V ba ya tsallake D ya haɗu da J. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko, kuma a jikin zaren kansa aka rubuta ta.

Bayan yanka sai ɗinki, kuma a nan ne miliyoyi ke zama biliyoyi. Bakin zaren da aka yanke yakan naɗe kansa, wani enzayim mai suna Artemis ya buɗe shi. Ana ɗan gutsure wasu haruffa, sannan wani enzayim, TdT, ya ƙara wasu waɗanda babu su a gadon uwa ko na uba. Wurin da aka ɗinke ɗin shi ne ke zama tsakiyar bakin antibodi, inda yake kama abokin gaba. Shi ya sa ko tagwaye masu kama ɗaya ba su da tarin antibodi iri ɗaya. Jiki yana tara waɗannan nau'o'i tun cuta ba ta zo ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da cuta ko allurar rigakafi ke yi shi ne zaɓo ƙwayar da ta dace daga cikin tarin, ta sa ta hayayyafa.

Amma abin yana da tsada. Ana karanta haruffan DNA uku-uku ne. Idan adadin da aka cire ko aka ƙara ya karya wannan jeri, duk abin da ya biyo baya ya zama shirme. A cikin ɗinki uku, ɗaya ne kawai ke faɗawa daidai.

Wa aka ba izini

Ƙwayar hanta da ta fata duk suna ɗauke da guntayen V da D da J, amma ba sa taɓa su. Ƙwayoyin B da 'yan'uwansu na garkuwar jiki, ƙwayoyin T, ne kaɗai ke kunna RAG, su ma a ƙuruciyarsu kawai. Dukansu daga uwar ƙwayoyin jini suke fitowa. Wadda za ta zama B tana bin wasu furotin masu kunna ƙwayoyin gado, ɗaya bayan ɗaya: E2A ya tada EBF1, su biyun su tada Pax5. A 1999 ɗakin binciken Meinrad Busslinger a birnin Biyana na Ostiriya ya nuna cewa ƙwayar ɓera da ta kama hanyar zama B, idan ba ta da Pax5, tana iya juyawa ta zama wata ƙwayar jini dabam, har da ƙwayar T. Pax5 yana kunna abin da B ke buƙata, yana kuma rufe ƙofofin sauran hanyoyi. Daga baya aka ga cewa ko ƙwayar B da ta balaga, in an cire mata shi, takan koma baya ta manta ko ita wace ce.

Ga wata matsalar kuma. RAG ɗin da ke cikin B shi ne a cikin T, alamomin da yake nema ma iri ɗaya ne. Me ya sa a cikin B yake kammala haɗa guntayen antibodi, a cikin T kuma na mai gane cuta irin na T? A 1985 George Yancopoulos da Frederick Alt suka lura cewa dab da a yanka guntayen V, ƙwaya takan fara kwafar su, kwafin da ba ya haifar da wani furotin. Suka ce wannan alama ce ta an buɗe wurin. DNA ba a warware yake ba a cikin ƙwaya; a nannaɗe yake jikin wasu furotin da ake kira histon, kuma inda naɗin ya yi tsauri RAG ba ya samun shiga. Abin da ƙwaya ke sarrafawa ke nan: ta sassauta nan, ta ƙulle can.

An gano yadda ake sassautawar. Tsakanin guntayen J da sauran umarnin babbar sarƙa akwai wani ɗan yanki mai zuga kwafi, wanda aka gano a 1983. Shi ke jawo furotin ɗin da ke buɗe wurin, su sa wa histon wata alama ta musamman. RAG2 yana da wani sashe da ke gane wannan alama ya riƙe ta. Sakamakon haka RAG ba ya yawo a kan zaren. Taruwa yake a ɗan ƙaramin fili kewayen guntayen J, ya jira a kawo masa abokin haɗi. Har mazaunin yankin a cikin cibiyar ƙwaya yana canjawa. A 2002 aka nuna cewa a ƙwayoyin da ba B ba, yankin babbar sarƙa a jingine yake a gefen cibiya, inda ake ajiye abin da ba a so a karanta, amma a ƙwayar B mai tasowa sai ya dawo tsakiya.

Jeri ma ƙa'ida ne. D ake fara haɗawa da J, sannan a kawo V. Babbar sarƙa ake gamawa kafin a taɓa ƙarama, kuma a ƙananan galibi kafa ake fara gwadawa kafin lamda.

Matsalar nisa

Tunda RAG a wuri ɗaya yake zaune, dole guntayen V su zo gare shi. A ɓera yankin babbar sarƙa ya kai haruffa miliyan 2.8, kuma guntayen V fiye da 100 masu aiki suna warwatse a mafi yawan wannan tsawo. Da an bar abin haka, na kusa ne za su riƙa cinye damar, na nesa su zama ado, tarin antibodi ya ƙuntata. Haka kuwa ake gani a ɓeran da ba shi da Pax5: V na kusa suna haɗuwa, na nesa da ƙyar. A ƙwaya mai lafiya kuwa, daidai lokacin da za a kawo V, sai dukan yankin ya tattare, nesa ta zo kusa.

An daɗe ana ganin wannan tattarewa a madubin ƙara girma ba tare da an san mai yin ta ba. Yanzu an san wani furotin ne mai siffar zobe, kohesin, wanda ke hawa zaren DNA yana zuƙo shi ta cikinsa. Abin ya yi kama da mai jan guga: yana tsaye a bakin rijiya, igiya na bi ta hannunsa tana taruwa a gefe, har gugan da ke can ƙasa ya iso. RAG ne a bakin rijiyar, zaren na wucewa ta gabansa, yana duba alamomin da ke zuwa. Ɗakin binciken Alt a Boston ne ya fi bin diddigin wannan.

A yawancin ƙwayoyi jan ba ya nisa, domin akwai wani furotin, Wapl, da ke sauke kohesin daga kan zaren. A 2020 mutanen Busslinger suka nuna cewa Pax5 yana rage yawan Wapl a daidai wannan mataki, sai kohesin ya daɗe a kan zaren har ya janyo V mafi nisa. Abin lura shi ne, don a warware matsalar yanki ɗaya, ƙwayar tana sauya yadda ake naɗe dukan kuromosom ɗinta na ɗan lokaci. Akwai hujja mai ƙarfi a kan wannan bayani. Guntayen V na babbar sarƙa duk gefe ɗaya suke fuskanta. Da masu bincike suka juya wani babban sashe na yankin ya fuskanci baya, guntayen da ke ciki sun daina haɗuwa, ko da yake suna nan lafiyarsu ƙalau. Da a ce karo kawai suke yi da RAG a cikin cunkoso, da juyin bai dame su ba.

Akwai kuma shinge. Tsakanin V da D akwai wani wuri da furotin CTCF ke zama ya tare kohesin. A 2011 aka nuna cewa idan an lalata wannan wuri, jerin yana rushewa: V na kusa ya riƙa faɗawa kan D tun D bai haɗu da J ba, har ma a cikin ƙwayoyin T inda bai kamata a yi hakan ba. Shingen yana tsare aikin a tsakanin D da J har a gama, sannan a sassauta shi. Yankin kafa kuwa nasa tsarin dabam ne: guntayensa suna fuskantar ɓangarori biyu, kuma ana tattaro su kusa ne cikin ƙananan lanƙwasa masu yawa su yi karo da RAG.

Lokacin yanka da lokacin hutu

Ƙwayar da ke shirin rabuwa biyu tana kwafe dukan DNA ɗinta. Tsinkakken zare a irin wannan lokaci masifa ne. Saboda haka aka ɗaure RAG2 da agogon rabuwar ƙwaya: da zarar ta doshi matakin kwafi, ana sa masa alamar rushewa a narkar da shi. Ɗakin binciken Stephen Desiderio a Jami'ar Johns Hopkins ne ya fayyace wannan. Ƙwayar B mai tasowa ko dai tana yanka ko tana hayayyafa, ba ta haɗa biyun.

Da ta gama ɗinka V da D da J sai jarrabawa. Kowace ƙwaya tana da kuromosom na 14 guda biyu, na uwa da na uba, wato dama biyu. Idan na farko ya faɗi daidai, shi ke nan. Idan ya karye sai a gwada na biyu. A lissafi, biyar cikin tara ne ke samun sarƙa mai karantuwa; huɗun da suka rasa duka biyu mutuwa suke a cikin ɓargo. Waɗanda suka samu ma ba su tsira ba tukuna. Tunda ba a ƙera ƙaramar sarƙa ba, ƙwayar tana da ta wucin gadi, wadda furotin biyu, VpreB da lamda 5, suka haɗu suka yi. Ana gwada sabuwar babbar sarƙar da ita. Idan sun dace suka hau fatar ƙwayar, sai saƙo ya koma ciki cewa an yi nasara. A ɓera kusan rabin sarƙoƙin da suka karantu suna faɗuwa a wannan gwaji.

Saƙon nasara yana yin abubuwa uku. Yana kashe RAG. Yana rufe yankin babbar sarƙa, ya warware tattarewar da aka yi, guntayen V su koma nesa. Sannan yana sa ƙwayar ta rabu sau da yawa a jere. Hikimar a fili take: babbar sarƙa mai kyau da wuya aka same ta, don haka a yawaita ta, kowace 'ya ta haɗa ta da ƙaramar sarƙa dabam.

A wannan lokaci na hayayyafa, wani saƙo daga ƙwayoyin da ke riƙe da ɓargo, IL-7, yana taimakawa wajen ƙulle yankin kafa ta hannun furotin STAT5. Idan ƙwayoyin suka matsa daga inda IL-7 ke da yawa, sai wasu furotin, IRF4 da Ikaros da Aiolos, su tsayar da rabuwa, a sake kunna RAG, a buɗe kafa. A nan mutum da ɓera sun ɗan bambanta: ɓeran da bai jin saƙon IL-7 kusan ba ya yin ƙwayoyin B, amma jaririn da aka haifa da irin wannan naƙasa yana da su, ƙwayoyin T ne yake rasawa.

Likitoci sun ga muhimmancin wannan jarrabawa tun ba a san da ita ba. A 1952 Ogden Bruton, likitan yara a asibitin soja na Walter Reed a Amurka, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 8 da cututtuka suka yi ta kama shi, aka auna jininsa ba a ga antibodi ba. A 1993 aka gano dalili: naƙasa a furotin BTK, ɗaya daga masu isar da saƙon nasarar nan. Ƙwayoyin suna ƙera babbar sarƙa, amma labari ba ya isa, sai su tsaya a nan. Umarnin BTK yana kan kuromosom X, shi ya sa cutar ta fi kama yara maza.

Ƙwaya ɗaya, antibodi ɗaya

Tun 1965 Benvenuto Pernis da abokan aikinsa suka lura a jikin zomo cewa kowace ƙwaya mai yin antibodi tana amfani da gadon uwa ne ko na uba, ba duka biyu ba. Dalilin buƙatar haka a bayyane yake. Ƙwayar da ke ɗauke da antibodi iri biyu, idan cuta ta tada ta ta hanyar ɗaya, za ta zubar da ɗayan ma, wanda wataƙila jikin mai shi yake kamawa.

Rabin bayanin shi ne saƙon da aka ambata: nasara a kuromosom ɗaya tana rufe ɗayan. An tabbatar da haka a shekarun 1980, lokacin da aka dasa wa ɓeraye umarnin babbar sarƙa haɗaɗɗe, sai ƙwayoyinsu suka rage yanka nasu ƙwarai. Amma saƙo yana ɗaukar lokaci kafin ya isa. Me ke hana a yanka biyun a tare tun farko? A nan masana sun rabu. Wasu na ganin tun da wuri ake ware kuromosom ɗaya a riga buɗe shi. Wasu na ganin haɗa V abu ne da ba ya faruwa da sauri, don haka da wuya biyun su faɗo lokaci guda. Akwai kuma hujjar cewa yankan kansa yana taka birki: furotin ATM, mai lura da tsinkewar DNA, da ya ji an yanka a wuri ɗaya sai ya dakatar da RAG har a ɗinke. Waɗannan bayanai ba sa kore juna, kuma alamu sun fi nuna cewa tare suke aiki. Masu cutar gado da ke lalata ATM suna yawan samun kuromosom na 7 da na 14 a harɗe cikin ƙwayoyin garkuwarsu, kuma sankarar kaluluwa ta fi kama su.

Jarrabawar ƙarshe

Abin da aka ƙera da sa'a bai san abokin gaba ba, bai san na gida ba. A 2003 Hedda Wardemann, a ɗakin binciken Michel Nussenzweig a New York, ta auna antibodin ƙwayoyin B na mutane ɗaya bayan ɗaya, ta tarar kashi 55 zuwa 75 cikin ɗari na sababbin da ke ɓargo suna kama wani abu na jikin mai su. Kafin su zama balagaggu a cikin jini adadin ya sauka zuwa kusan kashi 20.

Kisa ba shi ne matakin farko ba. A 1993 ɗakunan binciken David Nemazee da Martin Weigert suka nuna cewa ƙwayar da antibodinta ya kama na gida takan ci gaba da kunna RAG ta sake ƙaramar sarƙa. Tsarin yankin kafa ya ba da dama: ana iya ɗauko wani V daga baya a haɗa shi da wani J na gaba, a yanke tsohon haɗin a zubar. In kafa ta ƙare a kuromosom biyun, akwai alamar da ke sa a share ta gaba ɗaya a koma lamda. A jinin mutum kusan kashi 60 na antibodi masu kafa ne, 40 masu lamda. A ɓera kafa ta kai kusan kashi 95. Wadda ta gwada duk wannan ba ta gyaru ba, ko ta mutu ko a dakushe ta ta kasa amsa kira. Wadda ta wuce kuwa, saƙon da antibodinta ke aikawa a hankali daga fatarta shi ke kashe RAG kashewar ƙarshe. A jikin masu cutar lupus an ga wannan tacewa tana yoyo.

Idan ƙa'ida ta karye

Jaririn da ya gaji lalataccen RAG daga uwa da uba ba shi da B ba shi da T. In ba a yi masa dashen ɓargo ba, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Idan RAG ɗin yana ɗan aiki kaɗan, sai a samu 'yan ƙwayoyin T marasa tarbiyya su far wa fata da hanji, abin da ake kira cutar Omenn. Irin waɗannan cututtuka da sai an gada daga ɓangarori biyu sun fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. Guntayen DNA da ake zubarwa lokacin yanka suna zama 'yan zobba a cikin ƙwaya, kuma ana iya ƙirga su a ɗigon jinin jariri don a san ko ana ƙera T da B. Jihar Wisconsin ta Amurka ta fara irin wannan gwaji ga dukan jarirai a 2008.

Ɗaya gefen kuma sankara ce. Sankarar jini mai kama ƙwayoyin B masu tasowa ita ce kan gaba a sankarar yara a ƙasashe da dama. A 2007 masu bincike a asibitin St Jude da ke Memphis suka tarar Pax5 ya lalace a kusan kashi 30 cikin ɗari na masu ita. Ƙwayar takan maƙale a matakin da RAG ke kunne, shi kuma ya ci gaba da sara a wuraren da suka yi kama da alamarsa, yana share ƙwayoyin gadon da ke taka wa rabuwa birki. Wani kuskuren ɗinki a ɓargo yana manna BCL2, mai hana ƙwaya mutuwa, daga kuromosom na 18 zuwa yankin babbar sarƙa a na 14. Wannan ne tushen mafi yawan wata sankarar kaluluwa ta manya.

Akwai zagaye na biyu na taɓa DNA bayan ƙwayar ta bar ɓargo. Idan ta haɗu da cuta a kaluluwa ko saifa, wani enzayim, AID, wanda ɗakin binciken Tasuku Honjo a Japan ya gano a 1999, yana canja haruffan V don antibodi ya ƙara kamu, yana kuma sauya ajinsa. Kuskurensa ya shafe mu kai tsaye. Sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda likitocin Nijeriya suka sani sarai, tana faruwa ne idan MYC, mai zuga rabuwa, ya baro kuromosom na 8 ya manne a na 14, ko na 2, ko na 22, wato yankunan antibodi guda uku. Ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma ƙwayar cutar Epstein-Barr tana da hannu. Gwaji a kan ɓeraye a 2015 ya nuna cewa zazzaɓin da ya daɗe yana tsawaita aikin AID, tsinkewar DNA ta ƙaru.

Asalin RAG ma yana bayyana dalilin wannan tsaro duka. Danginsa na kusa wani guntun DNA ne mai tsalle, mai yanke kansa ya dasa a wani wuri. An samu irinsa da ransa a 2016 a jikin wata 'yar halittar teku mai suna amfiyoksas. Kimanin shekara miliyan 500 ke nan da dabbobi masu ƙashin baya da muƙamuƙi suke amfani da shi, bayan wasu canje-canje sun dakushe ikonsa na dasawa sun bar na yanka.

Duk wanda ya dubi tsarin nan zai ga cewa ƙarfin garkuwar jiki da haɗarinta daga tushe ɗaya suke, kuma abin da ke raba su shi ne ƙa'idojin wuri da jeri da lokaci. Wannan ilimi yana da amfani a ɗakin likita. Antibodin da jariri ya samu daga uwa yana kare shi kusan wata shida na farko, daga nan sai nasa. Yaron da daga wannan lokaci ciwon kunne da na huhu da gudawa suka riƙa dawo masa, musamman in an taɓa rasa wani yaro a gidan ta irin wannan hanya, ya cancanci a auna masa yawan antibodi da ƙwayoyin garkuwa a babban asibiti. Kumburin muƙamuƙi ko na ciki mai saurin girma a jikin yaro kuma a gaggauta kai shi, domin sankarar Burkitt tana jin magani idan an kama ta da wuri.